Kafin sabon yaro ya taɓa inji

Ɗan ƙanwata kwanansa tara da fara koyon aiki a wani shagon tsaga katako, nan cikin Jos, ya shigo mini gida bayan isha'i da hannun dama naɗe cikin bandeji. Na ce me ya same ka? Sai ya yi irin murmushin da yara ke yi in sun san faɗa na tafe, ya ce, "Kawu, ba wani abu ba ne, ɗan ƙwarzane ne." Ƙwarzanen nan ɗinki shida ya ci.

Ga yadda aka yi. Ana tsakiyar tsaga katako aka ɗauke wuta, zarto ya tsaya da guntun itace maƙale a gefensa. Manyan shagon suka fita bakin ƙofa suna kakkaɓe ƙura, ɗaya ya zagaya baya zai tayar da janareta. Shi kuma yaron, don kada a ce ya tsaya ya zuba ido, sai ya sunkuya zai zare guntun itacen. Makunnin injin yana nan a kunne yadda aka bar shi. Na baya bai san akwai hannu a bakin zarto ba, na bakin zarto bai san an ja igiyar janareta ba. Allah ya taƙaita, ya riga ya fara janye hannun lokacin da zarton ya juya, haƙori ɗaya ne ya shafe shi a gefen tafi.

Washegari na je shagon. Maigidan mutumin kirki ne, shi ya kai yaron asibiti, shi ya biya, kuma na ga abin ya dame shi. Sai dai ya ce mini, "Wallahi Malam tsautsayi ne. Ai kowa ya san ba a kai hannu wurin zarto sai an kashe." Gaskiya ya faɗa. Kowa ya sani a shagon, ban da mai kwana tara. Da na bi ba'asi, ba a sami wanda ya tuna ya taɓa gaya masa ba. Kowa ya ɗauka wani ya gaya masa.

Ba a shagon nan kaɗai abin yake ba. Wata cibiyar binciken lafiyar ma'aikata da ke Toronto a Kanada ta bi diddigin takardun diyya, ta tarar cewa wanda ke watansa na farko a wurin aiki ya ninka wanda ya wuce shekara fiye da sau uku wajen yiwuwar jin raunin da zai hana shi fitowa. Ƙuruciya tana da nata kason, amma dattijon da ya bar tuƙi ya koma gidan bulo shi ma baƙo ne, baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa biyu. Sannan ku dubi irin aikin da ake ba sabon yaro: share nan, riƙe mini can, cire wancan abin da ya maƙale, hau ka miƙo. Aikin banza ake ɗaukarsa, alhali shi ne aikin da ya fi kai hannu kusa da haƙori. Ga kunya a kan haka. Mun tarbiyyantar da yaranmu kada su cika wa babba tambaya, sai mu tura su wurin da rashin tambaya ke cin yatsa.

Wannan giɓin ne horon farko ke ƙoƙarin cikewa. A Amurka, hukumar kula da lafiyar ma'aikata da ake kira OSHA, wadda dokar 1970 ta kafa, tana da wani ɗan gajeren kwas na awa 10 don sababbin ma'aikata, da na awa 30 don masu sa ido a kansu. Na awa 10 ɗin ba ya mayar da mutum birkila ko mai walda. Abin da yake yi shi ne ya buɗe wa sabon shiga ido ya riƙa gane abin da zai iya cutar da shi, ya kuma sanar da shi haƙƙinsa na yin magana. A nan gida muna da makamantansa, kwasa-kwasan lafiya da kariya a wurin aiki da ake ce wa HSE mataki na 1 zuwa na 3, muna da ƙungiyar ƙwararrun fannin, ISPON, wadda dokar 2014 ta ba gindin zama, ga kuma hukumar horar da ma'aikata ta ITF da aka kafa a 1971, wadda hedikwatarta ma tana nan Jos a kan titin Miango. Matsalar ita ce wanda ke zuwa irin waɗannan azuzuwan galibi mai digiri ne da ke neman satifiket don ya liƙa a takardar neman aikin kamfanin mai. Da Turanci ake yi, da majigi. Yaron da ke riƙe ƙarfe a Dilimi, da leburan da ke ɗaukar kwanon kankare a Rayfield, da yarinyar da ke tsaye a bakin injin markaɗe, su ne suka fi buƙata, su ne kuma ba sa taɓa shiga. To bari mu kwance abin da ke cikin kwas ɗin da Hausa, mu ga ko akwai abin da ya gagari maigidan shago.

Darasin farko rarrabe abubuwa biyu ne da mu duk "haɗari" muke ce musu. Akwai abin da ke iya cutarwa, akwai kuma yiwuwar ya cutar ɗin. Rijiya mai gaba goma a tsakar gida, a buɗe, yara na guje-guje, da rijiya mai gaba goma da aka yi wa murfin ƙarfe da kwaɗo, zurfinsu ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne abin da ya shiga tsakanin ramin da yaron. Zarto ba zai daina kaifi ba, wuta ba za ta daina ja ba, hawa na uku ba zai rage tsawo ba. Don haka ake koya wa sabon ma'aikaci ya ɗan tsaya kafin kowane aiki ya tambayi kansa: me zai iya cutar da ni a nan, kuma me ya tsaya tsakanina da shi? In amsar ita ce "ba komai sai kulawata," to a bakin buɗaɗɗiyar rijiya yake, domin kulawa tana gajiya da ƙarfe huɗu na yamma.

A wajen gini, Amurkawa sun ware abubuwa huɗu da suka fi kisa: faɗowa daga sama, wani abu ya buge mutum, wani abu ya matse shi ko ya rufta masa, da jan wutar lantarki. Faɗowa ce kan gaba, kuma ba sai dogon bene ba. A ƙa'idarsu, daga ƙafa 6, wato ƙasa da mita 2, dole a yi shinge ko raga ko a ɗaure mutum da igiyar kariya. Tsani ma yana da lissafi: duk ƙafa 4 na tsawo, a ja gindinsa ƙafa 1 daga bango, kansa ya zarce inda za a sauka da kamar mita 1, kuma mai hawa kada ya saki fiye da gaɓa ɗaya a lokaci guda. Wanda ya hau da bulo a hannu ɗaya ya riga ya karya wannan tun daga matakin farko. Na bugewa kuwa kowa ya san su, tifa mai ja da baya, guduma da ta suɓuce daga sama. Maganarsu gajera ce: kada ka tsaya ƙarƙashin kaya, kada ka bi bayan mota sai kun haɗa ido da direba.

Ruftawar ƙasa ce mutanen Filato ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kanta, duk wanda ya san ramukan kuza na wajen Bukuru da Barikin Ladi ya ji labarin wanda ya shiga bai fito ba. Abin da sabon lebura bai sani ba shi ne nauyin ƙasa. Dunƙulen da bai wuce mita 1 ta kowane gefe ba ya haura tan 1. Ba sai ta rufe kai ba, in ta kai ƙirji ta isa ta hana numfashi. Shi ya sa ramin da ya kai mita 1 da rabi ake so a kwantar da gefensa ko a tokare shi, a kuma ja ƙasar da aka haƙo nesa da baki, musamman da damina.

Amma inda nake so in daɗe shi ne wurin da ya ci hannun yaronmu, domin nan ne yanayinmu ya fi na masu rubuta littattafan tsanani. Su inji ya tsaya, to wani ne ya kashe shi. Mu inji yakan tsaya ne don Nepa ta ɗauke, kuma zai iya tashi a kowane lokaci ba sallama. Shago ɗaya sai ka tarar da hanyar wuta uku, ta layi, ta janareta, ta sola da batir. Injin da ya yi shiru a irin wannan wuri barci yake, bai mutu ba. Ƙa'idar da duniya ta yarda da ita ita ce a kashe, a kulle, a gwada. Ka kashe daga babban makunni, ka sa kwaɗonka a kai, mukulli ya shiga aljihunka kai mai sa hannu, ka rataya alamar cewa ana aiki, sannan ka danna makunnin injin ka tabbatar bai motsa ba. In mutum biyu ne a cikin injin, kwaɗo biyu. Dalilin mukullin a aljihu shi ne kada ranka ya rataya a kan ƙwaƙwalwar wani. "Na gaya masa kada ya kunna" ba kariya ba ce, wanda ka gaya wa zai iya fita sallah wani ya zo.

Kuma ba lantarki ne kaɗai ƙarfin da ke laɓewa ba. Bayan tifa da aka ɗaga, iskar da ke cikin kwampireso, mota a kan jak, duk ƙarfi ne da ke jiran a sake shi. Ku leƙa garejojin Farin Gada ku ƙirga yaran da ke kwance ƙarƙashin mota, jak ɗaya tal ke riƙe da ita, ba kututture ba komai. Jak na ɗagawa ne, riƙewa aikin wani abu ne daban. Ita kanta wutar gida mai ƙarfin bolt 230 da muke rainawa, in ta bi ta ƙirji, abin da bai kai wanda ƙaramin ƙwan fitila na da ke ja ba ya isa ya rikita bugun zuciya, balle ƙafa tana cikin ruwa, waya kuma tsirara an soka ta a soket da tsinken ashana.

Sai tufafi, abin da ba a cika kawowa a rai ba. Da hunturun Jos kowa na zuwa aiki da rigar sanyi mai faɗin hannu da mayafi a wuya. Duk abin da ke juyawa, bel ne ko sandar inji, ba ruwansa da ƙarfinka, in ya kama bakin zare sai ya jawo mai zaren. 'Yan matan da ke aikin niƙa da markaɗe su na fi jin wa tsoro, domin bel ɗin a buɗe yake, bakin hijabi kuma yana lilo daidai wurin. Ba cewa ake a cire ba, a tattare shi a cusa cikin riga, a kuma yi wa bel ɗin murfi. Wani abin da zai ba ku mamaki, safar hannu da ke kare mai ɗaukar rodi ita ce ke jawo wa mai aiki da zarto ko injin huda ƙarfe bala'i, don haƙori yana kama safa ya tafi da hannun gaba ɗaya. Kayan kariya ma sai an san inda ake sa su.

Duk waɗannan masu zubar da jini ne, ana ganinsu. Masu kisan a hankali sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aiki, kuma kusan miliyan 2.6 daga cikinsu cuta ce ke kashe su. Ƙurar dutse, irin wadda masu fasa dutse da masu yankan tayil ke shaƙa, tana ɗauke da ƙwayoyin da ido ba ya gani, su shiga huhu su zauna, huhun ya yi ta yin tabo har ya ƙame. Ba ta da magani, kuma tana share wa tarin fuka hanya. Ƙurar katako ma masana sun sa ta cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanci. A nan ne nake jin takaicin maganar madara. Za ka ji oga ya ce wa yaro, "In ka tashi ka sha madara, za ta wanke ƙurar." Madara ciki take zuwa, ƙura huhu take zuwa, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Abin da ke aiki shi ne a jiƙa dutsen da ruwa lokacin yanka, a bar iska ta ratsa shago, a yayyafa ruwa kafin shara, sannan a sa takunkumi na ainihi mai matse fuska, ba ƙyallen da muka saba da shi lokacin korona ba.

Ƙara ma haka take. Awa 8 cikin ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana cin ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ba sai da na'ura ba: in sai ka ɗaga murya wanda ke tsawon hannu daga gare ka zai ji ka, wurin ya kai a toshe kunne. Ɗanyen siminti yana ƙona fata kamar soda, ba a jin zafin sai bayan awanni, shi ya sa leburan da ya yini da kankare cikin takalmi ke wayar gari ƙafa ta saɓule. Hasken walda yana ƙona ido, kuma wanda ya fi shan wahala yaron da ke riƙe ƙarfen ne, domin oga yana da garkuwar fuska, shi kuwa runtse ido aka ce ya yi. Cikin dare zai farka kamar an zuba masa yashi. Wata ƙurar ma har gida take bin mutum. A Zamfara a 2010, ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Tun daga nan ya kamata mu san tufafin aiki ba na rungumar yara ba ne.

Akwai darasi ɗaya da ya saɓa wa zuciya, don haka sai an nanata. In abokin aikinka ya shiga rijiya ko tanki ko ramin masai ya yanke jiki ya faɗi, kada ka bi shi. Abin da ya kayar da shi iska ce, ko dai ta numfashi ta yi ƙaranci ko mai guba ta taru a ƙasa, kuma tana nan tana jiran na biyu. Sau nawa muka ji an ce mutum uku sun mutu a rijiya ɗaya? Ɗaya ne ya shiga aiki, biyun zumunci ne ya kai su. Tsofaffin masu haƙar rijiya kan zura fitila su ga ko za ta mutu, dabara ce mai ma'ana, sai dai ba ta gane kowace guba, kuma in iskar mai kamawa ce, fitilar ce za ta tayar da ita. Mai shiga ya shiga da igiya a ƙugu, wani na sama ba ya motsawa, a hura iska kafin da lokacin aikin. Ɗan'uwan wannan shi ne hayaƙin janareta da na gawayi a rufaffen ɗaki. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai ne da kasala, sai barci. Masu gadin da ke shigar da kaskon wuta ɗaki su rufe ƙofa saboda sanyin Disamba su ne ya kamata a fara gaya wa.

Yanzu ga inda nake ganin masu gida da yawa suka juya abin. Da an ce kariya, sai hankali ya tafi kan hular kwano da riga mai ƙyalli. A tsarin da ake koyarwa, kayan sawa su ne na ƙarshe cikin matakai biyar. Mafi ƙarfi shi ne a kawar da abin gaba ɗaya, kamar a haɗa ƙarfen rufi a ƙasa maimakon a sama. In bai yiwu ba a sauya shi da mai sauƙi, kamar fenti mai ruwa a madadin mai tina. Sai a gyara injin ko wurin, murfi, shinge, fanka. Sai doka da tsari, wa ke taɓa me, yaushe. Sannan hula da tabarau. Dalilin jerin a bayyane yake: na sama suna aiki ko mutum ya manta, na ƙasa kuwa sai ya tuna kullum. Ku auna da abin da ya sami yaronmu. Akwai irin makunnin da ke sakin kansa da zarar wuta ta ɗauke, inji ba zai sake tashi ba sai mutum ya zo ya danna. Da shi ke jikin zarton nan, da ko ba a gaya wa yaron komai ba, ba abin da zai same shi. Hular kwano goma ba za su yi masa wannan ba.

In kuma abin ya riga ya faru, mintunan farko suna da nasu ilimin, kuma yawancinsa barin abin da muka saba ne. Ƙuna ruwa mai sanyi take so, a yi ta kwarara na minti 20, ba manja ba, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba. Yanka matsewa yake so da ƙyalle mai tsabta, ba man birki ba. Wanda wuta ta kama, a kashe wutar kafin a taɓa shi. Gobarar mai ko ta lantarki ba a watsa mata ruwa. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Ranar farko kuma a nuna wa sabon ma'aikaci ƙofar fita, a tabbatar tana buɗuwa. A 2002 gobara ta kama wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas cikin dare, ma'aikata da dama suka mutu, kuma abin da aka fi magana a kai bayan nan shi ne ƙofofin da suka tarar a kulle.

Doka fa? Tana nan, sanin ta ne ya yi ƙaranci. Dokar Masana'antu ta 1987 ta hana a sa mutum aiki a kan injin da zai iya ji masa rauni sai an yi masa cikakken bayanin haɗarinsa, kuma ko dai ya sami isasshen horo ko yana ƙarƙashin idon wanda ya san injin. Wato abin da maigidan nan ya ɗauka "kowa ya sani," wajibi ne a kansa ya faɗa. Dokar ta kuma ce a yi wa sassan inji masu haɗari murfi, a tanadi akwatin taimakon farko, a kai rahoton raunin da ya kwantar da ma'aikaci fiye da kwana 3. Rauninta shi ne tara, wadda aka yanka tun wancan zamani, 'yan dubban nairar da yau da ƙyar su sayi buhun siminti, ga masu binciken Ma'aikatar Ƙwadago ba su kai yawan wuraren ba.

Wadda ta fi amfanar talaka ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma an hana shi cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Ba a tsayawa neman mai laifi kafin a biya. Ma'anar "ma'aikaci" a cikinta ta haɗa da ɗan koyo da na wucin gadi, ko da baki aka yi yarjejeniyar, har hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki ta ɗauka. Sai dai akwai wa'adi: wanda ya ji rauni ko iyalinsa su sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a nemi diyya cikin shekara 1. Mu kuwa kwana 14 ɗin nan a "bari ya warke tukuna" da "kada a ɓata zumunci" suke ƙarewa. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1994, wadda ta ce ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da hujjar ganin zai halaka shi nan take, bai kamata a hukunta shi ba. A takarda ke nan. A bakin shago, yaron da aka roƙa aka samo wa gurbi ba zai ce wa oga "ba zan hau ba" sai in ogan ne da bakinsa ya ba shi izini tun ranar farko.

Game da tsautsayi, ba na musun ƙaddara. Amma wanda ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta tukuna.

Yadda ake koyarwar ma ya kai abin da ake koyarwa muhimmanci. "Ka gane?" ba tambaya ba ce, don ba yaron da zai ce wa maigidansa bai gane ba. Ka nuna masa, ya yi a gabanka, sannan ya maimaita maka da bakinsa kamar kai ne sabon. Ka zagaya da shi wurin ka ce ya nuna maka abu biyar da za su iya cutar da shi, abin da ya tsallake shi ne darasin gobe. Ka haɗa shi da mutum ɗaya takamaimai, don kada a sake "kowa ya ɗauka wani ya gaya masa." Alamomin bango ma launinsu magana ne, ko ga wanda bai iya karatu ba: ja hani, rawaya gargaɗi, shuɗi umarni, kore hanyar tsira. Minti biyar kowace safiya kafin a tayar da inji sun fi taron yini guda sau ɗaya a shekara. Kuma duk ranar da aka ce "kai, saura ƙiris," a tsaya a tattauna ba tare da zagi ba. Yaron da aka zaga don ya faɗi kuskurensa, na gaba ɓoyewa zai yi. Tsofaffin hannu ma su zauna a wurin, domin sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma galibi su ne suka cire murfin zarton don wai yana rage musu sauri.

Bayan sati biyu yaron ya koma aiki. Maigidan ya sayo kwaɗo ya rataya a akwatin wuta, ya kuma kafa doka cewa mai tayar da janareta sai ya leƙo ciki ya yi kira an amsa. Makunni mai sakin kansa kuwa, ya ce ya tambayi kuɗinsa, sai kasuwa ta ɗan buɗe. Na tambaye shi ko shagon yana da rajista da NSITF, ya ce wannan ai na manyan kamfanoni ne. Ran nan na bi ta wurin na tarar an kawo wani sabon yaro daga ƙauye, yana tsaye da tsintsiya kusa da zarto, ɗan ƙanwata kuma ya buɗe tafin hannunsa yana nuna masa inda aka yi ɗinkin.